Digirin zane daban, aikin da inji zai karɓa daban

Iyaye kan shigo shagonmu na zane da ɗab'i su tambaya, yaro na son karanta girafik, wato zanen fosta da tambari da makamantansu, a jami'a, shin akwai abinci a ciki? Akwai. Amma gara a san me ake koyarwa a can da abin da sai an zo bakin inji ake saninsa.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, girafik yana ƙarƙashin sashen zanen masana'antu, tare da yumɓu da yadi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ma tana da irin wannan sashe, a kudu kuma akwai kwalejin fasaha ta Yaba a Legas. Da fensir ake farawa, ba da kwamfuta ba. Za a sa ɗalibi ya zana tulu da kujera da fuskar mutum har ya gaji, ya koyi haɗa launi, ya koyi yadda ake tsara rubutu a shafi don ido ya san inda zai fara sauka. Wannan ita ce ribar jami'a, kuma ba na raina ta. Wanda ya yi ta, daga fostarsa ake gane shi: kalar rubutu (wato fasalin haruffa) biyu, sarari isasshe, suna ya fito. Wanda bai yi ba kuwa sai ya cusa kalar rubutu bakwai, da inuwa, da wuta, da furanni a katin ɗaurin aure guda.

Sai dai kusan duk ɗalibin da aka turo mana zaman koyon aiki na wata shida, abu ɗaya ne ke kayar da shi, wato launi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Inji kuwa tawada huɗu gare shi, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ɗorawa da baƙi. Duk wanda ya yi zane a RGB ya kai maɗaba'a, shuɗin nan mai ƙyalli da kwastoma ya gani a waya zai fito ya dushe kamar tsohuwar atamfa. Tun wajen buɗe shafi ake zaɓar CMYK. Ƙananan rubutu kuma baƙi zalla ake ba su, K 100, sauran ukun sifiri. In aka haɗa su da tawada huɗu, filet ɗaya, wato farantin da ke buga kala ɗaya a inji, ya goce ko da ɗan kaɗan ne, sai rubutu ya fito da inuwa ja ko shuɗiya, dattijo ya kasa karantawa. Babban fili na baƙi shi ne ake ɗan ƙara wa sauran kaloli don ya yi duhu sosai.

Sai gefen takarda. Wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai wuri ɗaya a kan takarda ɗari biyar. Don haka kalar bango dole ta zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane ɓangare, rubutu kuma ya ja baya zuwa ciki da kamar milimita 5. In ba haka ba, ko farin layi ya bayyana a baki, ko a datse lambar wayar mai shago. Ɗan littafin da za a ɗinke da ƙarfe a tsakiya, shafukansa su kasu huɗu-huɗu: 16, 20, 24. Mai shafi 22 sai dai ya ƙara biyu ko ya rage biyu.

Hoto na son dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da zai fito a takarda. Bana ta leda da ake hangowa daga titi ba ta buƙatar haka, 100 ma ta isa. Nan ne nake yawan rigima da masu zanen waya. Mutum zai biya yaro kuɗin katin waya ya haɗa masa tambari a manhajar Canva, a turo ta WhatsApp, manhajar ta matse hoton, sannan a ce mu buga shi ƙafa goma. Da an ja shi sai ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. In ka ce sai an sake zanawa, a ce ai wancan yaron ɗari biyar ya karɓa, kai me ya sa naka da tsada? Tambari ba hoto ba ne. Da layi ake zana shi a manhajar CorelDraw ko Illustrator, yadda za a sa shi a jikin biro a kuma sa shi a jikin tirela ba tare da ya lalace ba. In dole sai an turo hoto ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu Hausawa. Yawancin kalolin rubutu masu kyau ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ka rubuta ƙofa, wata kwamfuta ta buɗe, sai akwati ya fito a madadin harafin, ko ya sauya zuwa wani fasali daban a tsakiyar kalma. Larabci ya fi haka haɗari. Wasu manhajojin kan raba haruffan ko su juya su daga hagu, mai zanen da bai yi allo ba ba zai lura ba, sai an buga katin walimar saukar Alƙur'ani guda dubu da aya a wargaje. Dokar shagonmu ita ce malami ya duba, kwastoma ya sa hannu a kan gwajin takarda, sannan a mayar da duk rubutu ya zama zane, a CorelDraw Ctrl da Q ne, kafin a fitar da PDF.

Game da inda ake samun aiki, maɗaba'a ce ƙofa mafi kusa: kalanda, katin biki, fostar 'yan siyasa lokacin zaɓe, littafin makaranta. Akwai jaridu masu buƙatar mai tsara shafi, da masu fim na Kano masu buƙatar fosta, da ƙungiyoyin agaji masu buga rahotanni da allunan wayar da kai. Masu tsara fuskar manhajar waya su ne ke iya yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsu, in akwai wuta da intanet. Amma ni a ganina, inda ake ƙarancin gwanaye shi ne kwalin kaya da lakabi. Mai yaji, mai zuma, mai sabulu, mai kilishi, kowa na son kayansa su hau kantar babban shago, kuma lakabi sai ya ɗauki lambar NAFDAC, da nauyi, da ranar lalacewa, da adireshi, duk a fili kamar tafin hannu, ya kuma yi kyau. Na robar da za ta shiga firiji kuwa ba a buga shi a takarda, danshi zai ɓare shi cikin kwana biyu, sai sitika ta leda.