Zakaru uku daga kasuwar Kawo

Ranar Asabar da ta wuce na sayar da ragowar kajina 11, aka kwance kejin aka kai wa ƙanwata a Rigasa. Shekara biyar ina kiwo a bayan ɗakinmu a Badarawa. Matan da muke adashi tare suna ta tambaya ta ko tsadar abinci ce ta kore ni. Tsadar ta taimaka, amma kiwon nan ya karye tun watan Disamba na 2022, sauran shekarun jan ƙafa kawai na yi.

A lokacin ina da kaji 84 masu ƙwai, Shika Brown, irin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar. Na zaɓe su ne don suna jure zafinmu. Kusan kiret 2 nake kwashewa kullum, mai shayin bakin layi da masu shago biyu suna jira. Wata Talata na je kasuwar Kawo sayen dusa, sai na ga wani dattijo da zakaru uku manya, jajaye, a farashin da ya sa na tsaya. Lissafina shi ne in riƙe su mako biyu in sayar wa masu Kirsimeti. Ban tambayi kaina me ya sa mutum zai karyar da zakara ana saura kwanaki kasuwarsa ta buɗe ba. Araha ba ta ado.

Da na dawo Malam ya ce, "Ki ware su tukuna, hunturu ne." Na ce masa babu wuri, kuma ga su nan garau. Wuri akwai, tsohon akurki yana jingine a zaure, gajiya ce ta hana ni wanke shi. Na zuba su cikin kejin da magariba. Abin da ban gaya masa ba shi ne lokacin maimaita rigakafin Lasota, wanda ke kare kaji daga cutar Niyukasil, ya wuce da mako biyar, ina ta ɗagawa saboda shagon da nake saye ba su da wuta, ni kuma ba na yarda da maganin da ya kwana a firij mara sanyi. Dalilin mai kyau ne, sai dai da na hau mota zuwa wani shagon da an wuce wurin.

Kwana biyar zakara ɗaya ya fara gyangyaɗi. Washegari koren zawo ya cika ƙasan keji, ƙwai ya ragu, wanda aka yi ma ɓawonsa laushi kamar leda. Sai numfashi da ƙyar, sai wuya ya murɗe kaza tana kallon sama. Duk mai kiwo a Kaduna ya san abin da ya fara zuwa raina: murar tsuntsaye. A Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a watan Fabrairu na 2006, kuma har yau ana tuna yadda aka riƙa hallaka kaji gona guda. Tsoron kada a zo a kashe min duka ya sa na ƙi kiran likitan dabbobi har kwana uku. Na jiƙa maɗaci, na daka barkono, na fasa kafso ja-da-yalo a ruwan sha, duk abin da aka ce in yi na yi. Da likitan ya zo ya buɗe gawa biyu, ya ce alamun na cutar Niyukasil ne, kuma ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin waɗannan magunguna ko kaɗan. Ya ce, "Hajiya, da kin kira ni ranar farko, da mun raba masu lafiya." Cikin kwana tara na rasa kaji 61.

Asarar kuɗi ba ita ce ta fi ci min rai ba. A kwanakin farko, ina cikin ruɗewa, na riƙa ba yaro gawarwakin a buhu ya kai bola. Karnuka suka yaga buhun, kajin unguwa suka bi suna tsattsaga. Kafin mako ya zagayo kaji sun fara mutuwa a gidaje huɗu a layinmu. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Maƙwabciyata ta jikin katanga, wadda muka yi shekara bakwai muna aron turmi da taɓarya, ba ta shigo ta yi min magana ba. Wurin mai unguwa ta kai ƙara, daga can kuma aka turo duba-gari. A zauren mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, zan biya." Na biya kuɗin kaji 23 na mutane a watan da ni kaina ba ni da na abincin ragowar nawa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kajinta sun fi 15, sake suke yawo tun asuba, suna shiga tsakar gidan kowa, ba a taɓa ɗiga musu rigakafi ko sau ɗaya ba, kuma duk hunturu sai sun mutu tun kafin in fara kiwo. Babu wanda ya tambaye ta wannan. Ni da na killace nawa, nake share keji duk kwana uku, ni aka ba takardar gargaɗi, ni aka tsaya a kaina ana auna tazarar kejina da tagarta. Mun gaisa bayan nan, har biki na je gidanta, amma turmin ban sake aika a karɓo ba.

A nan na fahimci yadda doka take ga mai ƙananan kaji a cikin gari. Shekara biyu ina kiwo babu wanda ya nemi wata takarda a hannuna. Ranar da maƙwabci ya yi ƙorafi kuwa, abubuwa huɗu duba-gari ya duba: wari, ƙudaje, ruwan wankin keji da ke fita lambatu, da inda nake zubar da kashi da gawa. Mai gidan haya ma sai ranar ya tuna cewa yarjejeniyarmu ba ta ambaci kiwo ba. Wadda za ta fara, ta sa a rubuta mata izinin a takardar haya, ta kuma shiga gidajen da ke jikinta ta sanar da su da bakinta, ko da ba a tilasta mata ba. Wanda kika gaya wa tun farko yana jin nauyin kai ki gaba.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Sabuwar kaza, ko kyauta ce daga gidan iyaye, ta yi mako biyu ita kaɗai. Gawa a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone. Rigakafi a ɗauko shi cikin ƙanƙara, a haɗa da ruwan rijiya ba na famfo mai kulorin ba, a shanye cikin awa biyu, kuma a yi shi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa. Buntun shinkafa ko garin katako da aka shimfiɗa a ƙasan keji, in dai a bushe yake, ba za a ji wari ba. Kashin kuma kuɗi ne, masu lambu a bakin kogin Kaduna suna saye da buhu.

Na sake zuba 'yan tsaki 50 a 2023, daidai lokacin da aka cire tallafin mai, masara ta tashi, buhun abinci mai kilo 25 ya riƙa canja farashi kusan duk zuwa shago. Kaza mai ƙwai tana cin sama da giram 100 a rana ko ta yi ƙwai ko ba ta yi ba, lissafin ya daina fita. Amma daga ranar da na sake zubawa har ranar da aka kwance kejin, hunturu ya zo ya wuce, kaji sun mutu a layinmu kamar yadda suka saba, nawa ko ɗaya cuta ba ta ɗauka ba. Littafin da nake rubuta ranakun rigakafi na haɗa wa ƙanwata da kejin, tsohon akurkin ma na wanke shi na ce ta ajiye a zaure.