Fijon Alhaji da silon da na ɗaga

Ina shekarata ta biyu a koyon kanikanci, a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, wani dattijo ya kawo mana Fijo 504, irin waɗanda kamfanin Fijo na Kaduna ya riƙa haɗawa. Ranar Oga ya tafi ɗaurin aure, ni ne babba a gareji, sai hura hanci nake yi.

"Yaro, in tana tafiya lafiyarta ƙalau," in ji Alhaji. "Amma da na tsaya a danja sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, wani lokaci ma ta mutu. Burkin ma kwanan nan sai na taka da ƙarfi."

Maganar burki ta bayan kunnena ta wuce. Na wanke kafireta, na kankare fulogai, na ɗora laifi a kan man 'yan bumburutu kamar yadda muka saba in abu ya shige mana duhu. Karkarwa tana nan. Sai na ɗauki sukudireba na murɗa sukurun silo, wato mai saita gudun injin in mota tana tsaye, har ƙarar injin ta ɗaga, rawar ta ɓuya. Alhaji ya biya, har da sa mini albarka.

Kwana uku ya dawo. Mota ta koma shan mai kamar ruwa, in zai saka giya ta ɗaya sai ta yi gurnani.

Oga bai taɓa ko sifana ba. Ya ce in mayar da sukurun inda na same shi, karkarwa ta dawo sabuwa fil. Sannan ya sa na riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba, muna saurare. Silinda mai aiki, da ka zare wayarta injin zai ƙara rikicewa. Uku sun yi haka. Ɗaya kuwa, zare ta da barin ta kusan duk ɗaya. Muka kwance fuloginta, bakinsa fari tas. Da mai ne ya yi yawa, da baƙi zai yi da toka.

"Alhaji, me ka ce game da burki?"

Da Alhaji ya maimaita, Oga ya harare ni, ya bi tiyon da ya taso daga manifol (bututun da ke kai haɗin mai da iska daga kafireta zuwa silinda) zuwa tukunyar burki da yatsa. A ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa, robar ta bushe ta tsage. Ya toshe tsagar da babban yatsa, nan take injin ya natsu, kwalbar ruwan da ke rawa a kan mota ta tsaya cak.

Sai daga baya na fahimci dalili. A silo, totur kusan a rufe yake, man da ke shiga ɗan kaɗan ne, kuma a lokacin ne injin ya fi zuƙa da ƙarfi. Duk wata ɓaraka a manifol sai ta shigo da iskar da ba ta bi ta kafireta ba, ta tsinke haɗin mai da iska, silindar da ta fi kusa da wurin ta fi shan wahala. In an taka totur, iskar sata ba ta kai ta kawo ba, shi ya sa motar ke lafiya a kan titi. Wannan zuƙar ce kuma ke taimaka wa burki, shi ya sa ya yi tauri. Ashe dattijon ya faɗa mini inda ciwon yake tun kafin in buɗe bonet. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne, kwana uku yana yawo cikin gari da iyali da wannan burkin, da albarkar da ya sa mini.

Aka aike ni Ƙofar Ruwa na sayo tiyo da kilif biyu, aikin bai kai minti ashirin ba. Oga ya mayar wa Alhaji kuɗin da na karɓa ranar farko, ya cire daga kuɗin abincina na sati.