Lensin hoton fuska da na ƙananan kaya ga mai ƙaramin jari

Ɗakin ɗaukar hoto nake da shi a Tudun Wada, cikin garin Kaduna, kuma aiki iri biyu ne ke riƙe da mu. Akwai hoton fuska na amare da angwaye da ɗalibai masu kammala karatu, akwai kuma hoton ƙananan abubuwa daga kusa, irin su zanen lalle, da zobe, da ɗinkin hula, da kwalaben humra da mata ke tallatawa a Instagram. Matasan da ke son shiga sana'ar sukan tambaye ni kyamarar da za su saya, ni kuwa nakan ce su nemi kyamara ta hannu mai lafiya, su adana sauran kuɗin saboda lensi, domin a nan ne ake gane bambancin aiki.

Lensin 18-55, wato mai tsawon milimita 18 zuwa 55, da ke zuwa tare da kyamara ba abin yarwa ba ne, amma idan aka ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar ƙofar, idan lambar ta ƙanƙanta ƙofar ta fi buɗewa), shi ya sa a ɗakin taro mai ƙarancin fitila hoto ke fita da duhu. Abin da nake ba mai ƙaramin jari shawara ya fara saya shi ne lensi mai tsawon milimita 50 da f/1.8, ko na Canon samfurin STM da ya fito a 2015, ko na Nikon samfurin G na 2011. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan, kuma yana cikin mafi araha a kayan kamfanonin biyu. A kan ƙananan kyamarori irin su Canon 700D yana gani kamar milimita 80, a kan Nikon D5300 kuwa kamar 75, wanda hakan ke sa mai ɗauka ya ja baya kimanin mita biyu, daga nan ne fuska ke fita yadda Allah ya halicce ta, ba tare da hanci ya kumbura ba. Masu Nikon D3200 da D5300 su kula, tsohon samfurin D na lensin Nikon ɗin ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ya daidaita gani da kansa a kan waɗannan kyamarori, sai da hannu.

Sabon shiga yakan bar lensin a f/1.8 kullum saboda sha'awar dusashewar baya. Amarya kuwa idan ta ɗan karkata kai, ido ɗaya zai fito tar, ɗayan da ɗan kunne da goggoron da aka ɓata lokaci ana ɗaurawa su dusashe, sai ka ji uwar biki tana cewa, "Malam, ina adon da muka biya kuɗinsa?" Mu a nan f/2.8 muke amfani da shi ga mutum ɗaya, idan ƙawaye sun jeru mu koma f/5.6.

Hoton kusa shi ne ke cin kuɗi. Lensin Canon ɗin nan ba ya daidaita gani idan tazarar abu ta gaza santimita 35, wanda ya isa a ɗauki hannun da aka yi wa lalle, amma bai isa a cika hoto da dutsen zobe ba. Lensin makuro na ainihi, wato wanda aka ƙera don hoton kusa, kamar Tamron mai milimita 90 ko Canon mai 100, yana kama abu daidai girmansa, yana kuma yin hoton fuska mai kyau, sai dai ban ga dalilin cin bashi dominsa ba kafin masu kayan ado su fara zuwa a kai a kai. Kafin lokacin, akwai zoben ƙari da ake sakawa tsakanin kyamara da lensi. Babu gilashi a cikinsa, nesanta lensin kawai yake yi, kuma mai kaurin milimita 25 a bayan lensin 50 yana ƙara girman abu da rabin girmansa na zahiri. A sayi mai ƙwayoyin lantarki a bakinsa, in ba haka ba kyamarar Canon ba za ta iya tsuke ƙofar haske ba, alhali wannan aiki yana son f/8 zuwa f/11, da sandar kyamara mai ƙafa uku, da hasken taga da aka tausasa da farin ƙyalle.

Wanda zai sayi lensi na hannu, ko a nan Kaduna ko ta hanyar 'yan kasuwar Ikeja, ya haska fitilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba ta hana aiki, amma idan ya ga farin zare ya bazu kamar saƙar gizo-gizo, rima ce ta haifar da fumfuna, ya mayar wa mai shi. Namu lensin, da damina a cikin roba mai murfi suke kwana tare da ƙunshin gishirin tsotse danshi, da hunturu kuwa ba a canza lensi a filin biki, sai an shiga mota ko ɗaki.