Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Fara Buɗe Baki a Zauren Majalisa

Makon jiya mun tsaya a daren 9 ga Janairun 1999, lokacin da aka gama ƙidayar ƙuri'un zaɓen majalisar dokokin jiha, matasan gari suka rako ni da kabbara har ƙofar gidan mahaifina. Daga wannan dare sai da na yi kusan wata biyar ana kirana Onarabul, ba ofis, ba albashi, domin gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ba ta miƙa mulki ba sai ranar 29 ga Mayu. Su kuwa mutanen mazaɓata ba ruwansu da wannan lissafi. Tun asuba zaure ya cika: mai takardar asibiti, mai neman taki, wanda aka yi wa haihuwa babu ragon suna. Buhunan geron da na tara na jari, a nan suka ƙare.

Aka rantsar da mu, muka zaɓi Kakaki, aka shigo da sandar majalisa muna tsaye. Sai ga wata matsala da ban taɓa kawowa a raina ba. Komai da Turanci ake yi. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Na gama sakandare, kuma iyakar ilimin da tsarin mulki ya nema ke nan, amma shekara goma sha biyar ina awo da Hausa. Mutumin da ke tsayar da kasuwa cak idan ya hau mota ya karɓi lasifika, sai ga shi ya yi mako uku bai ce uffan ba. Ina jin komai, ina ganewa, amma da na yunƙura zan ɗaga hannu sai gabana ya faɗi.

Ana cikin haka damina ta kankama. Wata Laraba da dare ƙanwar mahaifina ta iso gidan da na sauka, zaninta jiƙe da laka har gwiwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ɗan nan, ruwa ya tafi da kwalbatin bakin rafi. Jiya a kan gadon kara aka tsallaka da jikata tana naƙuda, maza huɗu ruwa har ƙirji. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Me muka aiko ka yi?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri." Ban sami wata kalma bayan wannan ba, kuma ban runtsa ba a daren.

Da safe na sami wani dattijo da ke zama kusa da ni. Ya taɓa zama ɗan majalisa a 1992, zamanin jam'iyyun SDP da NRC, kafin Janar Abacha ya rushe majalisun a Nuwamban 1993. Na ce, "Baba, ina da magana, harshe ne ba ni da shi." Ya jawo kundin tsarin mulki daga aljihun babbar rigarsa, duk ya sha ja da biro, ya buɗe mini sashe na 97. Turanci ne harshen aiki, amma majalisa na iya amincewa a haɗa da wani harshen da ake yi a jihar. Ya ce, "Tashi ka nemi izini. Waɗanda suka zaɓe ka ba da Turanci suka yi maka kuka ba."

Na tashi ƙafafuna na rawa. Kakaki ya tambayi zaure, aka amince. Na faɗi sunan ƙauyukan da ruwan ya raba da asibiti ɗaya bayan ɗaya, na faɗi gadon karan, na faɗi maganar Gwaggo yadda ta faɗe ta. Har yau ina tuna wani ɗan jam'iyyar adawa, wanda muka yi ta jifan juna da magana lokacin yaƙin neman zaɓe, shi ya fara miƙewa ya goyi bayana, da Hausa shi ma. Ƙudirin da na kawo kan kwalbatin ya wuce ba hamayya.

Na fito ina ganin kamar gobe za a kai siminti da rodi. Dattijon nan ya riƙo hannuna a bakin matakala ya ce, "Sannu da ƙoƙari, amma abin da muka yi yau kira ne kawai ga ɓangaren zartarwa. Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. In aikin bai shiga kasafin kuɗi ba, takarda ce za a sa a fayil."

A ƙauye kuwa labari ya riga ni isa, har an fara cewa Onarabul ya samo gada. Yadda na koma na tsaya gaban Mai Gari da Gwaggo da wannan bayani, da abin da ya faru a kwamitin kasafi a ƙarshen shekarar, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.