Yinin da muka yi a wurin masu haɗa faifan fim

Kafin a bar mu mu wuce teburin masu gadi, sai da kowa ya sa hannu a takarda cewa ba zai faɗi sunan fim ɗin ba, ba zai ɗauki hoto ba. Wayoyinmu ma karɓe su aka yi, aka zuba a wasu 'yan jakunkuna masu makulli. Don haka kada mai karatu ya jira in ambaci fim ko kamfani. Iya abin da zan faɗa, ɗaya ne daga tsofaffin kamfanonin fim na yankin Los Angeles, fim ɗin kuma ya haura shekara arba'in da fitowa, ana shirin sake fitar da shi a faifan 4K, wato faifan da hotonsa ya fi na DVD da Blu-ray fitowa tar.

Mu da aka gayyata 'yan wata ƙaramar ƙungiya ce ta mutanen da son kallo ya kai su ga mayar da ɗaki guda na gidansu silima. Akwai likitan haƙori a cikinmu, akwai mai gyaran famfo, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan rediyo. Ni gareji na mayar, na kafa majigi da allo da lasifikoki har a rufi, uwargida tana kallona tana girgiza kai. Na taso ne a Kano zamanin kaset da bidiyo-sidi na Ƙofar Wambai, lokacin da abin da ake ƙara wa fim bai wuce tallan finafinai masu fitowa ba. Sai da na zo Amurka na ga faifan da ƙarin da ke cikinsa ya fi fim ɗin tsawo.

Ba don Allah-Annabi aka kira mu ba, kuma ba su ɓoye mana ba. Kasuwar faifai ta tsuke. Oppo, wanda na'urorinsa na kunna faifai suka fi farin jini a wurin irinmu, ya daina ƙera su a 2018. Samsung ya bi sahu a Amurka a 2019. Netflix, da ya fara da aika faifai ta gidan waya, ya rufe wannan sashe a watan Satumban 2023, shagunan Best Buy kuma suka kwashe faifai daga kantocinsu a 2024. Masu sayen faifai don su kashe dare ɗaya sun koma intanet. Saura masu taurin kai, waɗanda za su biya kuɗi mai kauri su sayi fim ɗin da suka riga suka mallaka a DVD da Blu-ray, in dai an ba su dalili. To dalilin ne ake so a gwada a kanmu.

Ɗakin farko da aka kai mu na mai gyaran kala ne. Na zaci zan ga allo kamar bango. Ashe ɗan talabijin ne da bai fi inci talatin ba, a kan tebur, sai dai an ce kuɗinsa ya fi na sabuwar mota. Bango toka-toka ne mai duhu, ba abin da ke ƙyalli, har kwalaben ruwanmu aka ce mu ajiye a waje. Mutumin ya nuna mana wata fitowa ta dare, ya ce mu dubi fitilar kan titi. A silima ta yau da kullum, farin da ya fi kowane haske ba ya wuce awo 48 a ma'aunin da suke kira nit. Tsohon tsarin talabijin kuwa 100 ne. Allon da ke gabansa yana kai 1000. Ya murɗa, fitilar ta haska har ta soki ido, likitan haƙori ya ce kai, wannan shi ne. Mutumin ya mayar da ita ƙasa. Ya ce wanda ya ɗauki hoton bai taɓa ganin fitilarsa da wannan hasken ba, kuma ya rasu, ba halin a tambaye shi. Don haka ya samo wani tsohon kwafi da marigayin ya amince da kalarsa, da shi yake auna hannunsa.

Nan aka ɗan taɓa gardama kan yashi-yashin da ake gani a hoton zaren fim. Masu saye da yawa suna ɗauka datti ne, su kai ƙara. In kuma aka goge shi da kwamfuta, fuska sai ta koma sumul, gashin gemu da saƙar riga duk su tafi tare da shi. Dattijon rediyo ya ce shi duk faifan da aka wanke haka mayarwa yake yi. Mai kala bai ce komai ba, amma na ga ya yi murmushi.

Abin da ya kai mu dai yana hannun wata mata ce, wadda aikinta kenan haɗa ƙarin faifai: sharhin darakta, fitowar da aka yanke, hirarraki, hotunan bayan fage. Ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce, kwangila take karɓa. Ta fara da ɗan tarihi a tsaye. A 1984 kamfanin Criterion ya fitar da King Kong a babban faifan LaserDisc, wani masanin tarihin fim mai suna Ronald Haver yana magana a kan fim ɗin yana tafiya. Daga nan al'adar sharhi ta samo asali. DVD ya shigo Amurka a 1997, kuɗi suka yi ta shigowa, har aka kai ga dogayen bugu na The Lord of the Rings tsakanin 2002 da 2004, kowane fim da faifai huɗu, biyu daga ciki na bayanin yadda aka yi aikin ne zalla. Ta ce a wancan zamanin in ka nemi kuɗin tafiya wata ƙasa don hira da mutum ɗaya, ba a tambayarka sau biyu. Yanzu sai ta yi lissafin kuɗin ajiye mota.

Ni da a ɗaukata ƙarin faifai kamar gyara ne da mai awo ke ƙara maka a kan mudu, abin da ya rage ne aka ce ungo. A ɗakin nan na ga cewa kowane minti sai an yi ciniki a kansa, kuma da mutum uku ake cinikin: mai kuɗi, lauya, da mai lissafin wurin da ke cikin faifan.

Na wurin ya fi sauƙin fahimta. Faifan 4K iri biyu aka fi bugawa, mai gigabait 66 da mai 100. In kana so fim na awa biyu ya gudu a kan megabit 80 a daƙiƙa, hoton kaɗai ya cinye gigabait 72. Ba a sa sauti ba, ba a sa fassarar harsuna ba. (Netflix megabit 15 yake cewa ka tanada don kallon 4K, ka ga tazarar da ta sa muke nacewa a kan faifai.) Duk hirar da aka cusa a wannan faifan, daga rabon hoton aka ɗebo. Shi ya sa sau da yawa ake tura ƙarin zuwa faifai na biyu, Blu-ray na yau da kullum, faifai na biyu kuwa ƙarin kuɗin bugu ne, sai mai kuɗi ya yarda.

Na lauya ne ya ba ni mamaki. Ta nuna mana wani hoto da ɗaya daga ma'aikatan fim ɗin ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa a wurin aiki. Abin sha'awa: darakta da jarumi suna musu kan yadda za a shigo ɗaki, kowa ya haɗe rai, ba wanda ya san ana ɗauka. Sai sautin ya ɗauke na wani ɗan lokaci, aka sa rubutu a ƙasa. Muka ce lafiya? Ta ce rediyon wani kafinta ne ke kunne a baya, waƙar da ke tashi kuwa haƙƙin mallakarta ya fi ƙarfin kasafinta gaba ɗaya. A wani wurin an dusashe ƙirjin wani yaro saboda tambarin da ke rigarsa. Akwai kuma minti biyu da ta ce mu kalla da kyau, don ba za mu sake ganinsu ba: wata jaruma da ke raye ta ƙi sa hannu. Ba wani abin kunya a ciki, tana cin abinci ne da kayan wasa a jikinta.

Sharhin da ake ji kamar mutum uku suna zaune suna hira, ashe shi ma ɗinki ne. Ɗaya a Landan aka ɗauki muryarsa, ɗaya a nan, na ukun daga wata tsohuwar hira aka tsinto maganarsa. Inda ka ji an yi shiru mai tsawo, wani lokacin tsoho ne ya shagala da kallo, wani lokacin almakashin lauya ne ya bi ta wurin.

Kafin cin abincin rana aka leƙa da mu wurin mai kula da ma'ajiya. Ya ɗauko wani gwangwanin zaren fim, gefensa ya yi tsatsa, an rubuta lamba da alƙalamin maka a jikin wani tsohon salatif. Da ya buɗe, wari mai tsami ya bugi hancinmu. Ya ce zaren ne ya fara ruɓewa, irin na asitet haka yake yi in zafi da laima suka same shi. A ciki akwai wata 'yar takarda siririya da suke sawa don gwaji. Shuɗiya ake sa ta, in tsamin ya yi yawa ta koma kore, daga nan ɗorawa. Wannan ta kusa zama ɗorawa. A gwangwanin nan aka samo fitowa uku da aka yanke daga fim ɗin, kuma ba don za a buga faifan ba, ba mai ba da kuɗin a ɗauke su a kwamfuta. Ya ce kamfanoni da dama suna ajiye asalin zarensu a ramin haƙar gishiri na Hutchinson a jihar Kansas, saboda sanyi da bushewar wurin, amma ragowar da aka yanke ba kullum take samun wannan gatan ba. Ya tuna mana binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013, wanda ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba sauti sun ɓace ɗungurungum.

Da yamma aka zaunar da mu a ƙaramar silimarsu aka raba takardun ra'ayi. Abu biyu aka nuna, ɗaya kaɗai zai samu cikakken wuri. Na farko sababbin jarumai ne da suka yi suna, suna faɗin yadda fim ɗin ya burge su suna yara. An haska su da kyau, an yi musu kwalliya, kowa na yabon kowa. Na biyu wani tsoho ne da ya tace fim ɗin, zaune a kicin ɗinsa, hannunsa na rawa, yana bayanin dalilin da ya sa ya jinkirta yanka wata fitowa da hoto takwas kacal, wato sulusin daƙiƙa, tunda hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Aka nuna fitowar yadda take, aka nuna ta ba jinkirin. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Fim ɗin da na kalla ban san iyaka ba, ban taɓa sanin a nan tsoron yake ba.

Mai gyaran famfo ya zaɓi jaruman, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce sunayensu ne za a buga a bayan kwali, su za su jawo yaran da ba su san fim ɗin ba, in ba a sayar ba kuwa ba za a sake kiran matar nan aiki ba. Dattijon rediyo ya juyo ya ce masa, ɗana, waɗannan ko shekara ashirin nan gaba za ka same su su maimaita maka maganar nan, wancan tsohon fa? Ni bayan dattijo na bi. Jami'in tallace-tallace da ke zaune a baya yana ta rubutu, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Da na dawo gida, abin da na fara yi shi ne sayen fenti. Bangon garejina fari ne, yana mayar da haske kan allo yana kashe baƙin hoto, ni kuwa ina ta tara kuɗin sabon majigi. Fenti da baƙin yadi suka yi mini rabin aikin. Talabijin ɗin falo kuma na sa shi a Filmmaker Mode, wanda ke kashe santsin motsin nan da ke mayar da fim kamar wasan kwaikwayon talabijin. Na daina kyautar da tsofaffin DVD ɗina in na sayi sabon bugu, tunda na gane cewa izinin wata hira ko wani sharhi na wancan bugun ne kaɗai, ba lallai ya biyo sabon ba. Bayan kwali ma yanzu karatun natsuwa nake masa, in ga wane ƙari ne sabo, wane ne aka kwaso daga tsohon faifai, kuma hirar da wa aka yi.

Faifan ya fito bayan wasu watanni. Jaruman suna nan cif, a faifan 4K ɗin. Hirar tsohon an rage ta da kusan rabi an tura ta faifai na biyu, amma maganar hoto takwas ta tsira. Na sayi biyu, na aika wa ƙanena ɗaya a Kano, sai ga wayarsa: Yaya, fim ya yi, amma ɗaya faifan ya ƙi tashi. Faifan 4K ba a kulle shi da yanki, ko'ina zai yi. Blu-ray na yau da kullum kuwa ana iya kulle shi, Amurka tana yankin A, Afirka da Turai suna yankin B, na'urarsa kuma ta Turai ce. Duk mai yin odar faifai daga Najeriya ko Nijar don ƙarin da ke ciki, ya nemi bugun Ingila ko na Faransa, ko ya duba bayan kwali ya ga haruffan A, B da C duka uku kafin ya biya.