Abin da ƙararrawar Balangiga ta koya mini a aji

A kwas ɗin adana kayan tarihi, aikin da ya fi ba ni wuya shi ne wanda na ɗauka zai fi sauƙi. Malam ya ce kowa ya rubuta bayanin da za a manna gefen ƙararrawa uku na cocin Balangiga, kada ya wuce layi biyar.

Ranar 28 ga Satumba 1901, mutanen wannan gari da ke tsibirin Samar na ƙasar Filifin suka far wa sojojin Amurka suna cikin karin kumallo, suka kashe 48. An ce bugun ƙararrawar coci ne ya zama alamar fara harin. Ramuwar gayya kuwa ta fi ta gayya zafi: Janar Jacob Smith ya ba da umarnin a kashe duk namijin da ya haura shekara goma, aka ƙona garin, aka kwashe ƙararrawar a matsayin ganima. Biyu aka girke a sansanin soja na Cheyenne a jihar Wyoming don tunawa da sojojin da suka mutu, ta ukun kuma ta zauna a hannun rundunar da aka kai wa harin, a Koriya ta Kudu.

Yawancinmu da adadin nan na 48 muka fara, domin shi ne a rubuce, har da sunaye. Malam ya bi takardunmu yana tambaya ɗaya: to, mamatan Samar fa, nawa ne? Aji ya yi tsit. Har yau masana tarihi jayayya suke yi kan yawansu, don mai bindiga ne ya riƙe alƙalami, nasa kawai ya ƙirga. Tun daga lokacin, in zan rubuta bayanin kowane abu, sai na fara da na wa ne, da kuma yadda ya bar hannunsu, kafin in zo kan wanda ya ajiye shi.

Ƙararrawar birnin Lubek a Jamus ba su da wannan rigima. Sun faɗo daga hasumiyar cocin Maryama daren da jiragen Ingila suka yi ruwan bama-bamai a watan Maris 1942, aka bar su a farfashe inda suka faɗi. Mu da aka horar da mu kan gyara, hannu sai ya riƙa ƙaiƙayi, amma da an gyara su da an share shaidar.

A ganina Wyoming ba ta taɓa zama wurin ƙararrawar Balangiga ba, ko da yake tsofaffin sojojin Amurka sun daɗe suna hana a taɓa su, har majalisar ƙasarsu ta yi doka a kai. Shugaban Filifin na lokacin, Duterte, ya nemi a dawo da su a jawabinsa na 2017, kuma a watan Disamba 2018 suka koma cocinsu, bayan shekara 117.