Yadda muke ɗora sabuntawa kafin manhaja ta buɗe

A sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, sauke sabuntawa ba shi ne abin wahala ba. Wahalar tana wurin musanya tsoho da sabo. Windows ba ya barin a rubuta a kan fayil ɗin exe, wato fayil ɗin da ke kunna manhaja, matuƙar yana aiki, shi ya sa muke jira sai an sake kunna manhajar, mu yi musanyar kafin tagar farko ta bayyana.

Ƙa'idar kamfaninmu ita ce ba a taɓa tsohuwar folda. Sabuwar siga takan sauka a tata foldar, 2.4.1 a gefen 2.4.0, kamar yadda Squirrel, wani tsarin girka manhaja da sabunta ta, yake yi. Alamar da mutum ke dannawa ba manhajar take buɗewa kai tsaye ba, wani ɗan ƙaramin shiri ne mai share fage. Shi zai duba ko saukewar ta kammala, ya gwada lissafin SHA-256 mai nuna ko fayil ya sauya, sannan ya tantance sa hannun dijital mai tabbatar da cewa daga gare mu fayil ɗin ya fito. SHA-256 kaɗai bai isa ba, don wanda ya iya gurɓata fayil a sabar, wato kwamfutar da ake sauke shi daga cikinta, lissafin ma zai iya sauyawa.

Idan komai ya yi daidai, sai a sauya sunan fayil guda mai nuna sigar da za a kunna. A faifai ɗaya, sauya suna yana faruwa ne a tashi guda. Amma in foldar saukewa tana wani faifan daban, abin ya koma kwafa, wuta na ɗaukewa a tsakiya an bar mutum da rabin manhaja.

Sauran matsalolin ƙanana ne, sai dai su ke jawo kiran waya daga masu amfani da manhajar. Rubutu a Program Files, foldar da Windows ya saba ajiye manhajoji, na buƙatar izinin mai kula da kwamfuta, galibi kuma mutane "A'a" suke dannawa, don haka AppData, foldar mai amfani da ba ta buƙatar wannan izini, muke amfani da ita. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta takan riƙe sabon fayil na 'yan daƙiƙu, sai a dakata a sake gwadawa. In sabuwar siga ta faɗi sau biyu kafin ta buɗe, ɗan shirin ya koma tsohuwa.

Rumbun bayanai ne ba ya komawa baya da sauƙi. Da zarar sabuwar siga ta sauya tsarinsa, tsohuwa ba lallai ta iya karanta shi ba, don haka sai an ajiye kwafinsa tukuna ake barin 2.4.1 ta taɓa shi.